Tabarau a Cikin Kwalekwale

Mafi yawan watannin shekara, ƙasar Shira ba ta tuna wa mutum da kwalekwale. Daga Yana, hedikwatar ƙaramar hukumar, har zuwa Azare gonakin gero ne da dawa da gyaɗa. Amma Kogin Jama'are, wanda ake kira Bunga a can sama, yana kwaso ruwansa ne tun daga tsaunukan Jos, ya ratsa ƙasar Jama'are da Katagum, ya je ya haɗu da Kogin Haɗeja kusa da Gashuwa, su zama Komadugu Yobe mai zuba a Tafkin Chadi. Reshen Haɗeja an yi masa linzami da madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992. Na Jama'are kuwa ba shi da babbar madatsa, domin ta Kafin Zaki da ake magana tun shekarun 1970 har yau ba a kammala ta ba. Shi ya sa a Agusta da Satumba ruwa kan zo da ƙarfinsa, ya cika fadamu, ya shafe hanyoyin ƙauye, wanda jiya ya ƙetare rafi a kan babur yau sai ya jira mai fito.

A cikin masu jiran nan akwai malamin makaranta, da ma'aikaciyar lafiya mai ɗauke da akwatin rigakafi, da ɗan kasuwa mai bin kasuwannin ƙauye. Da yawansu suna sanye da tabarau na likita, wato wanda aka auna idonsu aka yanka musu. Kowa kan yi tattalin wayarsa, ya ƙulle ta a leda, ya tura can cikin aljihu. Gilashin da ke kan hanci kuwa, wanda in babu shi wani ko gaɓar tsallake ba zai gani ba, ba a cika tunawa da shi ba sai ya yi tsundum.

Tabarau ba ya iyo. Gilashin asali ya ninka ruwa nauyi kamar sau biyu da rabi. Robar da aka fi yanka idon tabarau da ita yanzu, mai suna CR-39, nauyinta 1.32 ne idan aka ɗauki na ruwa a matsayin 1, ita kuma polikabonet, wadda ta fi jure buguwa, 1.2 ce. Duk sun wuce ruwa, ga kuma ƙarfen firam da ƙananan kusoshi. A ruwan damina mai ja, wanda ko tafin hannunka ka tsoma ba ka ganinsa, abin da ya nutse ya tafi ke nan.

Ba kuma igiyar ruwa ce ta fi cin tabarau ba, sunkuyo ne. Mutum ya sha rana a bakin mashaya, gumi ya jiƙa karan hancinsa, ya sunkuya zai tattare wando ko ya miƙa wa mai fito buhu, gilashi ya zame. Wani a aljihun gaba na riga yake ajiye na karatu, wurin da ya fi ko'ina saurin zubar da kaya. Masu gilashi mai hawa biyu, sama na nesa ƙasa na karatu, su ma su kula: idan ka kalli ƙafarka ta ɓangaren ƙasa, bakin jirgi zai yi maka dishi-dishi, ka taka inda ba nan ba. Sai ka sunkuyar da kai sosai ka duba ta ɓangaren sama, wanda kuma shi ne daidai lokacin da gilashin ke son zamewa.

Maganin duk wannan igiya ce, kuma dabarar ta tsufa. An fara yin tabarau a Italiya wajen ƙarshen ƙarni na 13, ba shi da hannaye, a kan hanci ake ɗora shi ko a riƙe da hannu. Daga baya mutanen Sifen suka riƙa ɗaura masa zare suna maƙalawa a kunne. Hannayen da muka sani yau sai a ƙarni na 18 suka yaɗu daga Ingila. Masu tuƙa kayak a teku, wato siririn jirgin nan na mutum ɗaya da aka gada daga mutanen Inuwit na yankin ƙanƙara, sun koma wa igiyar nan ne dole, domin jirginsu kan kife da su, su juyo da shi ba tare da sun fita ba. Abin da suka gano yana da amfani a Jama'are kamar yadda yake da shi a gaɓar Kanada.

Igiya iri biyu ce, kuma a nan ake yin kuskure. Akwai doguwa mai lilo a ƙirji, irin ta ma'aikatan ofis, wadda aka yi don mai cire gilashi yana mayarwa. Wannan ba ta hana shi barin fuska, kuma ƙananan zobban robar da ke riƙe ta kan saɓule idan sun jiƙe. Ga masunci ma haɗari ce, don tana iya sarƙewa da koma ko ƙugiya. Wadda ake so ita ce gajera, mai kama ƙeya. Wanda bai samu ta kanti ba, igiyar takalmi ta isa: a ɗaure kowane bakinta a hannun gilashin, gaba da inda ya lanƙwasa ya bi bayan kunne, a yi ƙulli biyu, a ja ta har ta kwanta a ƙeya yadda yatsa ɗaya zai iya shiga. Kada ta matse har gashin ido ya riƙa shafar gilashi, kuma kada ta zama irin igiyar da ba ta tsinkewa ko an finciko ta da ƙarfi. Gwajinta mai sauƙi ne: ka sunkuya kamar mai ruku'u, ka girgiza kai. In ya motsa, a ƙara ja.

Mata masu hijabi sun ɗan huta, don hijabin kan danne hannayen gilashin, ko da yake ba ya hana shi zamewa gaba. Mai rawani ma haka. Mai hula zanna ba abin da ke tare masa.

Ana sayar da igiya mai soso wadda ke sa tabarau ya taso in ya faɗa. A gida ma ana iya yi: masunta sun daɗe suna yanka tsohon silifas su ɗaura a taru don ya yi iyo, kuma guntu ɗaya da aka huda aka zura a igiyar ƙeya zai iya ɗaukar gilashi, tunda yawanci bai wuce giram 20 zuwa 30 ba. Sai dai a gwada a bokiti kafin a dogara da shi, domin mai ido mai kauri ya fi nauyi. A zaɓi kuma launi mai haske, ja ko ruwan ɗorawa. A ganina ma sosan nan gata ne na biyu. A ruwa mai gudu, abin da ya taso ma tafiya yake yi.

Idan kuwa duk da haka ya faɗa, a bar shi. Kwalekwale siriri ne, kuma mutum ɗaya da ya zabura ya kai hannu gefe zai iya kifar da jirgi mai ɗauke da mata da yara da awaki. Kada kuma a yi nutso nemansa. Ko mai lafiyayyen ido ba ya gani sosai a ƙarƙashin ruwa, saboda fatar gaban ido, wadda ke yin kusan kashi biyu cikin uku na aikin tattara haske, tana rasa ƙarfinta idan ruwa ya maye gurbin iska. Ga tsargiya da ake ɗauka a irin waɗannan ruwaye.

Riƙe gilashi daban, gani ta cikinsa daban. Feshin filafili da yayyafi kan cika shi da ɗigo, kuma hula mai baki ko malafa tana rage wannan. Da sanyin asuba yakan yi raɓa saboda numfashi da ɗumin fuska. Ɗigon sabulun wanke kwanuka da aka shafa aka ɗauraye sama-sama yana taimakawa. Babban abin gudu shi ne goge shi da bakin riga. Ruwan kogi yana ɗauke da yashi mai laushi, in ya bushe a kan roba aka murza, sai ya bar zane wanda ba ya fita. A zuba masa ruwa mai tsabta tukuna, ko na leda ne, sannan a goge da ƙyalle mai taushi. Masu shiga teku suna yin haka ne saboda gishiri, wanda ke cin kusoshin firam.

Wanda ke yini a kan ruwa, kamar mai fito ko masunci, ƙyallin rana ne babban abokin gabarsa. Akwai gilashi mai tace ƙyalli, wanda Edwin Land na Amurka, mai kamfanin Polaroid, ya yaɗa a shekarun 1930. Hasken da ya daki ruwa ya dawo yawanci a kwance yake kaɗawa, shi kuma gilashin yana tare wannan, har a iya hango kututture ko tudun yashi a ruwa mai garau. Ana iya yanka shi da awon likita. Baƙin gilashin bakin titi da ba ya tare hasken ultarabayolet kuwa ya fi rashinsa illa, don yana sa ƙwayar ido ta buɗe, hasken ya ƙara shiga. Gilashin da ake mannawa a ƙwayar ido ba na kogi ba ne sam: akwai ƙwayar cuta mai suna Akantamiba a ruwan rafi da tafki, tana maƙalewa a ƙarƙashinsa ta ci fatar ido.

Mai tsohon gilashi, shi ya kamata ya sa ranar fito, ya bar sabon a gida ko a cikin kwansa a tsakiyar jaka. Kuma ya adana takardar awonsa, ya ɗauki hotonta a waya. Lambobin da ke jiki, mai alamar ragi ga wanda ba ya ganin nesa, mai alamar ƙari ga wanda kusa ke ba shi wuya, da na gyaran karkatar ido, da tazarar da ke tsakanin ƙwayoyin ido biyu, su mai yanka gilashi ke bukata. Gilashin karatu na kasuwa lambar ƙari kawai yake da ita, iri ɗaya a ido biyu, ba zai maye gurbin na mai matsalar nesa ba. Wanda ya rasa gilashi da takarda gaba ɗaya, sai ya sake zuwa awo a asibitin tarayya na Azare, ko Asibitin Ido na ECWA a Kano, ko Cibiyar Ido ta Ƙasa a Kaduna, kuma a lokacin da ruwa ya yanke hanya ne wannan tafiya ta fi wuya.