Bayani a kan kifin tafkin Tiga da hanyar raya shi

Da sunan Allah Mai rahama, tsira da aminci su tabbata ga Fiyayyen halitta. Bayan haka, a sani kogin Kano, wanda ya ratso dajin Falgore ta ƙasar Doguwa da Tudun Wada, an datse shi a Tiga cikin ƙasar Bebeji, zamanin Gwamna Audu Bako. An soma aikin cikin 1971, aka ƙare 1974, ruwan ya mamaye fili murabba'in kilomita 178. Daga nan karfasa da tarwaɗa suka samu gida, masunta da fatake suka samu abin yi, har mai fatsar nishaɗi daga Ƙafin Maiyaki yakan dawo da na miya.

Amma ni'ima tana neman tattali. Taru mai ƙananan ido yakan kwashe 'ya'yan kifi tun ba su yi ƙwai ba, magimfa da sauran guba kuwa ba su barin babba balle ƙarami. Wannan ɓarna ce, Shari'a kuma ta hana ɓarna.

Magani iri biyu ne. Na fari, zuba iri: a ƙyanƙyashe ƙwai a kududdufan reno, irin na Bagauda, a saki 'ya'yan cikin tafki bayan sun yi ƙwari. Na biyu, gina wa kifi maɓoya. Masuntan tafkin Nokuwe, kusa da Kwatano, sun daɗe suna kafa rassan itace cikin ruwa mara zurfi, suna kiransa akaja. Gansakuka takan fito jikin rassan, kifi ya ci, ya ɓuya, ya hayayyafa. Taru yakan sarƙe a irin wannan wuri, mai fatsa kuwa yakan kama daga gefe. Sai dai a ɗebo rassan daga sassaben gona, kada a taɓa itatuwan Falgore.

Duka biyu ba su amfani sai da haƙuri. Mutanen Argungu sukan hana su a Matan Fada har ranar biki, shi ya sa ake fito da giwan ruwa. Ya kamata Sarakunan Ruwa su keɓe wuraren hutu, malamai su yi wa'azi, 'yan kasuwa su ƙi sayen 'ya'yan kifi, gama abin da ba a saye ba a kamo shi.

Allah Ya sa albarka cikin ruwayenmu, amin. Tammat.