Girki, sutura da raino a matakin digiri: yadda Amurkawa suke karanta su

Miƙa wa ɗalibar ilimin sutura ƙyalle uku masu kama da juna, ka ce ta fitar maka da na auduga, na ulu da na roba. Ba za ta tsaya musu ba, ashana za ta ƙyasta. Auduga tana kama wuta nan take, ƙaurinta irin na takarda ne, tokarta laushi. Ulu ƙaurin gashi yake yi, kuma wutarsa takan mutu da kanta. Na roba kuwa narkewa yake ya dunƙule ya yi tauri. Wannan gwaji yana cikin abubuwan farko da ake nuna wa ɗalibai a fannin da Amurkawa suka haɗa nazarin iyali, abinci da tufafi a digiri ɗaya. A nan gida mun san ƙanensa, darasin tattalin gida na ƙaramar sakandare, wanda da yawanmu suka ɗauka na 'yan mata ne masu koyon kek da saƙa.

Wadda ta kafa fannin kuwa masaniyar sinadarai ce. Ellen Swallow Richards ta gama kwalejin Vassar a 1870, ta zama mace ta farko da jami'ar MIT ta ɗauka, ta yi shekaru tana auna tsabtar ruwan sha a jihar Massachusetts. Ra'ayinta shi ne ruwan da ake sha da abincin da ake ci a gida sun cancanci binciken da ake yi wa kayan masana'anta. Tarurrukan da ta jagoranta a Lake Placid daga 1899 su suka haifi ƙungiyar malaman fannin a 1909. A 1994 ƙungiyar ta sauya suna, ta ɗauki na kimiyyar iyali da masu sayen kaya, domin tsohon sunan, na tattalin gida, ya riga ya manne da madafi a zukatan mutane.

Manyan jami'o'in gwamnati da aka kafa don noma su suka fi ɗaukar wannan karatu. Amma ni abin da ya fi jan hankalina shi ne yadda ƙananan kwalejoji suke koyar da shi, irin waɗanda ɗalibansu ba su wuce dubu ɗaya ko biyu ba, aji kuma mutum goma sha wani abu ko ashirin. Tsarinsu ya bambanta da namu, inda yaro yake zaɓar fanni tun a fom ɗin JAMB. A can, shekara huɗu ce, kuma kaso mai tsoka na darussan ba na fanninka ba ne: tarihi, adabi, falsafa, lissafi, wani harshe. Yawanci sai wajen ƙarshen shekara ta biyu ɗalibi yake bayyana abin da zai ƙware a kai. Wani zai ce ɓata lokaci ne. Ban yarda ba. Wanda zai zauna da uwa ya gaya mata ta rage ba ɗanta shayi a kan abinci, saboda shayi yana rage yadda jiki yake zuƙar sinadarin ƙarfe mai gina jini, yana bukatar sanin al'ada da iya magana, ba sinadarai kaɗai ba.

Kwalejin Berea da ke jihar Kentucky misali ce mai kyau. An kafa ta a 1855, lokacin ana bauta a jihohin kudancin ƙasar Amurka, ta kuma haɗa baƙaƙe da farare, maza da mata a aji ɗaya. Ba ta karɓar kuɗin koyarwa, marasa galihu take nema, kuma kowane ɗalibi sai ya yi aikin aƙalla awa 10 a mako. Wani a gonar makaranta, wani a otal ɗinta, wani a ɗakin saƙa inda har yanzu ake amfani da masaƙar hannu, wani a wurin haɗa tsintsiya. Mai nazarin yara da iyali yana iya samun kansa a gidan rainon kwalejin, da littafi a hannu, yana rubuta yadda ɗan shekara uku yake ƙwace abin wasa da yadda malama ta raba rigimar ba tare da tsawa ba. Mai son tufafi kuwa sai ya duba irin kwalejin Meredith ta mata a birnin Raleigh, wadda take koyar da zanen sutura da kasuwancinta kusa da ilimin abinci.

Reshen abinci shi ne mai wuya, kada kowa ya yaudare ka. Akwai kimiyyar sinadarai, tsarin jikin ɗan Adam, da nazarin ƙwayoyin cuta. A nan ake koyon cewa dafaffen abinci da ya daɗe a ɗumi tsakanin digiri 5 da 60 na ma'aunin Salshiyos gonar ƙwayoyin cuta ne, abin da duk mai rabon shinkafar biki ya kamata ta sani. Kuma daga Janairun 2024, digirin farko ba ya isa mutum ya zauna jarrabawar zama ƙwararren mai tsara abincin marasa lafiya a Amurka. Sai da digiri na biyu, da aikin horo na aƙalla awa 1,000 a ƙarƙashin kulawa.

Waɗanda suka gama suna shiga asibitoci, makarantu, kamfanonin tufafi da ofisoshin jin daɗin jama'a. Yawancin waɗannan kwalejoji masu zaman kansu ne, kuɗinsu dubban daloli a shekara, kuma Berea baƙin ɗalibai 'yan ƙalilan take ɗauka daga duk duniya. Iyayen da 'yarsu ko ɗansu ya nuna sha'awa, ku fara tambayar ko hukumar da ke tantance shirin abinci ta amince da kwalejin, sannan ku yi lissafin shekara shida, ba huɗu ba.