Asusun yara na iya gina asibiti: darasi ga iyayen garin Lafiya

Duk lokacin Sallah ko Kirsimeti, yara a unguwannin garin Lafiya, daga Tudun Gwandara zuwa Bukan Sidi, sukan dawo gida aljihu cike da kuɗin yawon gaisuwa. Wasu kuɗin su ƙare a alewa da balan-balan, wasu uwa ta karɓa da sunan ajiya, kaɗan ne ke shiga asusu. Da wuya mu ɗauki waɗannan 'yan canjin da wani muhimmanci. Sai dai a wasu ƙasashe, irin wannan kuɗin na yara ya taimaka wajen gina asibitocin da ke yi wa talaka magani kyauta har yau.

Misali mafi shahara yana birnin Lahore na ƙasar Pakistan. A shekarar 1985 cutar daji ta yi ajalin Shaukat Khanum, mahaifiyar fitaccen ɗan wasan kurket Imran Khan, wanda daga baya ya zama firaministan ƙasar. Ganin wahalar da marasa ƙarfi ke sha wajen neman maganin wannan cuta ya sa ya ƙuduri aniyar gina asibiti da sunanta, ya kuma fito neman taimakon jama'a a 1989. Da kuɗin manyan masu hali suka kasa kai aikin gaci, sai ya juya ga makarantu. Ɗalibai suka ba da kuɗin tararsu, suka kuma riƙa karɓo gudummawa daga iyaye da dangi, har aka yi musu laƙabi da Damisoshin Imran. An buɗe asibitin ranar 29 ga Disamba, 1994, kuma wata yarinya mai fama da cutar ce aka ba wa girman buɗe shi. Kusan kashi 75 cikin 100 na majinyatan asibitin ana tallafa musu da kuɗin magani, kuma a 2015 aka buɗe na biyu a birnin Peshawar.

A nahiyarmu ma akwai makamancinsa. Asibitin cutar daji na yara da ke unguwar Sayyida Zainab a Alƙahira ana kiransa 57357, wato lambar asusun bankin da Misirawa suka riƙa zuba gudummawa a ciki. An buɗe shi ranar 7 ga Yuli, 2007, da kuɗin jama'a aka gina shi, kuma ba a karɓar ko sisi daga iyayen yaran da ke jinya.

Akwai kuma misalin da amfaninsa ya iso har ƙofar gidajenmu. A farkon 1938, shugaban Amurka Franklin Roosevelt, wanda shi kansa ƙafafunsa sun shanye, ya kafa gidauniyar yaƙi da shan inna. Aka roƙi jama'a kowa ya aika da kwandalar senti goma zuwa fadar shugaban ƙasa. Wasiƙu suka yi ta kwarara, da yawansu daga yara, har aka tara dala 268,000 a wannan karon. Gidauniyar, wadda aka fi sani da March of Dimes, ita ta ɗauki nauyin binciken Jonas Salk, wanda aka tabbatar da ingancin allurarsa a 1955, ta kuma tallafa wa Albert Sabin, mai maganin da ake ɗiga wa jarirai a baki. Wannan ɗigon ne ma'aikatan lafiya suka yi shekaru suna bi gida-gida da shi a Najeriya, har aka ayyana Afirka ta rabu da ƙwayar shan inna ta asali a watan Agustan 2020.

To me ya haɗa wannan da Jihar Nasarawa? A Najeriya, sama da kashi 70 cikin 100 na abin da ake kashewa a kan lafiya daga aljihun mara lafiya da danginsa yake fitowa. Duk wanda ya taɓa zaman jinya a babban asibitin Lafiya da aka sani da Dalhatu Araf, ko a asibitocin mishan irin su Our Lady of Apostles da ke Akwanga, ya san yadda ake ganin uwa riƙe da takardar magani tana juya ta, babu abin saye. Sau tari abin da ya tsaya mata bai taka kara ya karya ba: kuɗin kati, gwajin jini, ledar ƙarin ruwa, ko maganin da mai cutar sikila ke sha kullum. Irin wannan giɓin, asusun yaran aji guda na iya cike shi.

Amma akwai ƙa'idojin da ya kamata iyaye da malamai su kiyaye. Na farko, kuɗin na yaro ne, don haka shi zai yanke shawara. In aka fasa masa asusu da ƙarfi, ko aka kunyata shi a gaban 'yan ajinsu don bai kawo ba, abin da zai koya shi ne ɓoye kuɗi. Hanya mai sauƙi ita ce a raba masa abin da ya samu gida uku: na kashewa, na ajiya da na taimako, a bar shi ya faɗi nawa zai sa a kowanne. A makaranta kuwa, a yi amfani da akwati rufaffe, kada a karanta sunaye da adadin abin da kowa ya bayar, domin ba kowane gida ne ke da abin bayarwa ba.

Na biyu, kada a tura yara titi ko tasha da gwangwani suna roƙon masu mota. Wannan bara ce da aka sauya wa suna, ga kuma haɗarin ababen hawa da miyagun mutane. Gida da dangi da makaranta sun isa.

Na uku, a san inda kuɗin za su. Manyan asibitoci suna da sashen jin daɗin marasa lafiya, wanda ya san majinyatan da suka kasa biya. A je can, a biya a wurin karɓar kuɗi, a karɓo rasit, a nuna wa yaran. A yi hattara da hotunan marasa lafiya da ke yawo a WhatsApp da Facebook ɗauke da lambar asusun wani mutum, sai an tabbatar da labarin daga asibitin da aka ambata.

Na huɗu, a kare lafiyar yaran da mutuncin majinyata. Ba dole ba ne a shiga da ƙananan yara ɗakin kwantar da marasa lafiya, inda za su iya kwasar cuta. Kuma kada a ɗauki hoton mara lafiya ana miƙa masa kuɗi.

Kyautar yara ba ta sauke wa gwamnati nauyinta. Tun 2001 shugabannin Afirka suka yi alkawari a Abuja cewa za su ware kashi 15 cikin 100 na kasafin kuɗinsu ga lafiya, kuma Najeriya ba ta cika wannan alkawari ba. Haka nan ya dace iyaye su nemi bayanin rajista da hukumar inshorar lafiya ta jihar, NASHIA, domin kada jinya ta same su hannu rabbana.

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Kafin bikin da ke tafe, a saya wa yaro asusu biyu, a gaya masa ɗaya nasa ne, ɗayan kuma na wani yaro ne da ke kwance a asibiti. Ranar da aka fasa, a tafi da shi ya ga an biya, ya riƙe rasit ɗin da hannunsa.