Tagwayen Benayen Petronas na Kuala Lumpur

Tagwayen benayen Petronas, waɗanda aka kammala a 1998 a Kuala Lumpur, babban birnin Malesiya, suna da tsayin kusan mita 452 da hawa 88 kowannensu, kuma babu ginin da ya kai su tsayi a duniya sai a 2004, lokacin da benen Taipei 101 ya zarce su. Abin da ya fifita su a kan sauran dogayen benaye shi ne siffarsu, domin Firaminista Mahathir Mohamad ya nemi ginin da zai nuna asalin Musulunci na ƙasar, shi kuwa mai zanen ginin, César Pelli, ya ɗauko tsarin kowane hawa daga adon Musulunci, wato murabba'i biyu da aka gicciya ɗaya bisa ɗaya suka ba da tauraro mai tsini takwas, sannan ya cike lungunan tauraron da ƙananan bakuna domin ofisoshi su sami fili.

Yanayin wurin ma ya yi tasiri a kan yadda aka yi aikin. Da yake shigo da ƙarfe daga waje yana da tsada, sai aka tayar da ginshiƙan da kankare mai ƙarfi wanda aka ɗaure da rodi, wanda kuma ya fi ƙarfe rage layin da iska ke sa dogon gini. Nauyin kankaren da zurfin dutsen da ke ƙarƙashin wurin suka tilasta zurfafa harsashi, har wasu turakunsa suka wuce mita 100 a cikin ƙasa. Gadar da ta haɗa benayen a hawa na 41 da na 42 kuwa ba a kafe ta daram ba. An bar bakunanta suna zamewa kaɗan, don kada ta tsage idan kowane bene ya motsa a nasa ɓangaren, kuma hanyar tsira ce idan gobara ta tashi a ɗayansu.

Kamfanin man fetur na ƙasa, Petronas, yana da hedikwatarsa a bene na farko, wasu kamfanoni kuma suna haya a na biyu. A gindinsu akwai rukunin kantunan Suria KLCC da zauren kiɗa, sannan ga lambun shaƙatawa da masallaci a kusa, saboda haka wannan wuri, wanda a da filin sukuwar dawakai ne, ya zama matattarar ma'aikata da 'yan kasuwa da iyalai da baƙi.