Fitilar Keke Wadda Ake Cirewa A Riƙe A Hannu

Da yawa daga cikinmu ba mu baro gona ko kasuwa sai duhu ya yi. Wanda ba shi da kuɗin sayen fitilar keke da tocila dabam dabam, yana iya sayen guda ɗaya mai yin aikin biyu. Amma ba kowace ce ta dace ba.

Mun saba da dinamo, wanda taya ke juyawa. Ba ya cin batir, wannan gaskiya ne. Aibinsa kuwa, da keke ya tsaya haske ya mutu. In sarƙa ta zame ko ƙaya ta huda taya a tsakiyar daji, watau daidai lokacin da ake bukatar haske, sai mutum ya koma lalube. Da damina ma yakan yi santsi a kan jiƙaƙƙiyar taya.

Lalube da dare ba abin wasa ba ne. Kububuwa da kunama da dare suke fita. Mutanen ƙasar Kaltungo, inda akwai asibitin masu saran maciji, sun san wannan sarai. Daga inda aka jingine keke zuwa rumbu ko garke taki kaɗan ne, amma a nan ne ake taka abin da ba a gani ba. Domin haka muke son fitilar da za a zare da hannu ɗaya a tafi da ita.

Abin da za a fara dubawa shi ne mariƙin da ke kama fitilar a kan keke. Yawancin masu saye haske kaɗai suke kallo, mu kuwa a ganinmu mariƙi ya fi. A ɗaura ta tun a gaban mai kanti, a ɗaga ƙafar gaba a saki sau uku. In fitilar ta sunkuya ko ta yi kwal-kwal, ba za ta jure gargada ba. Mariƙin roba mai ja yakan tsage da zafin rana, mai noti ya fi daɗewa. Sa'an nan a rufe ido a zare ta, a mayar, gama cikin duhu za a riƙa yin wannan.

Sai batun wuta. Fitilun yanzu masu ƙwan LED ba su cin batir kamar na dā. Wadda ake yi wa caji tana da kyau in akwai sola a gida, ko wurin cajin waya kusa. In babu, a sayi mai cin batirin da ake samu a teburin ƙauye. Kada a bar ta a rana tsaka, kada kuma batir ya daɗe a ciki ba a amfani da ita, domin yakan zubar da ruwa ya cinye ƙarfen. A duba ko marfin yana da zoben roba mai hana ruwan sama shiga.

A kan hanya a karkata hasken ƙasa, kada ya kashe wa mai tahowa ido. Jar fitilar baya kuwa ta zauna a wurinta, domin ita ce mai mota ke gani.

In ƙungiya za ta saya wa membobi, a fara da biyu ko uku. A ba waɗanda gonarsu ta fi nisa su gwada wata guda cikin damina, kafin ma'aji ya fitar da kuɗin kwali.