Kuɗin Fili Ka Biya, Ko Kuɗin Gadi?

A Amurka akwai motocin da ke da ɗaki, gado da madafa a cikinsu, waɗanda iyali kan fita yawon hutu da su. In sanyi ya shigo sai a kai su wani shingaggen fili a ajiye, ana biya wata-wata bisa takardar yarjejeniya. Mu a Zagga ba mu da wannan motar shaƙatawa, amma ajiyar abin hawa a filin wani mun san ta sarai. Manomin shinkafa yana da tarakta da za ta kwanta in an gama huɗa. Ɗan kasuwa yana barin motarsa a Tsamiya ko Lolo ya tsallaka Benin. Mai tafiya Hajji yana neman inda zai jingine tasa. Bambancin shi ne namu duk da fatar baki ake yi: “Alhaji, bar ta nan, ba abin da zai taɓa ta.” A yi musabaha, a rabu.

Wanda ya ga abin da rufe iyaka ke yi ba zai raina wannan magana ba. Gwamnatin Buhari ta rufe iyakokin ƙasa a watan Agustan 2019, kuma ta Kamba ba ta buɗe ba sai Afrilun 2022. Bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yulin 2023, manyan motoci sun yi jerin gwano a Malanbil suna jiran gadar Gaya. Direban da ya ce “kwana uku zan yi” ya share watanni. To, a nawa aka shirya kuɗin kwanan motar? Na yini ne ko na wata? Da naira ko da sefa? Wannan ta ƙarshe ba ƙaramar tambaya ba ce, domin tun da darajar naira ta zube a tsakiyar 2023, wanda ya yi alkawari da sefa yana samun kuɗinsa da naira ya ɗanɗana kuɗarsa.

Sai dai asalin rigimar ba a farashi take ba. Mai mota yana ganin tunda ya biya, duk abin da ya ɓace mai fili ne zai biya shi. Mai fili kuwa a ransa wuri kawai ya ba da haya, kamar mai rumfa a kasuwa, wanda ba ruwansa da hajar da ke ciki. Kowa da abin da ya ɗauka, kuma ba a gano saɓanin sai ranar da aka tarar babu batir.

Malaman Malikiyya sun daɗe da rarrabe waɗannan. Haya, wato ijara, tana buƙatar a san lada a kuma san wa'adi. Ajiya kuwa, wadi'a, amana ce, kuma wanda aka ba amana ba ya biyan abin da ya salwanta sai in ya yi sakaci ko ya ƙetare iyaka. In ya bar ƙofa a buɗe ya tafi kallon ƙwallo, sakaci ne. In ya ba ƙaninsa motar ya kai buhunan shinkafa Bagudo ta faɗa rami, ƙetare iyaka ne. Amma in 'yan fashi suka fi ƙarfinsa, asarar mai mota ce. Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda almajiranmu ke karantawa a zaure, ta kawo wani hukunci da ya kamata kowane mai gareji ya sani: in an damƙa masa kaya a gaban shaidu, to ba a karɓar cewarsa “na mayar” sai da shaidu. Bakanike kuma hukuncinsa daban, domin mai sana'a yana lamunin abin da aka kai masa gyara ya keɓanta da shi. Ka ga ke nan kalmar da aka furta ranar miƙa makulli, “ajiye mini” ko “gyara mini”, ita alƙali zai bi.

Me ke hana mu rubutawa? Kunya. Mutum yana jin in ya ce a kawo takarda kamar ya kira ɗan'uwansa ɓarawo ne. Ni ban ga haka ba. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, umarni ce da rubuta bashi da kafa shaidu, kuma muminai aka yi wa magana da ita. Warƙa ɗaya ta littafin makaranta ta isa, da boko ko da ajami: lambar mota, ranar shiga, kuɗi da irin kuɗin, wanda makulli ke hannunsa, da ko an yarda a motsa ta. A faɗi ƙarara ko gadi yana cikin kuɗin. A kuma rubuta abin da zai faru in biya ya tsaya, saboda wasu masu fili kan riƙe mota har bashin kwana ya kusa cinye kuɗinta, wasu ma su fara tunanin sayarwa, alhali wannan hurumin kotu ne. Ka ɗauki hotonta da waya ta kowane gefe, har da safaya da jak. Takardun motar kuma su kwana a gidanka.

Kada a dogara da inshora ba a duba ba. Wadda akasarinmu ke yanka don 'yan sanda, ta naira 15,000 ga ƙaramar motar gida tun Janairun 2023, ɓarnar da ka yi wa wani take biya. Sata ko gobarar da ta ci taka ba sa ciki.

Akwai kuma ɓarayin da mai gadi ba ya iya kamawa. Ɓera yana cin waya, batir yana mutuwa in ba a cire kansa ba, taya tana tsagewa a rana. Babbansu ruwa ne. Ƙasarmu a bakin kogin Kwara take, kuma wanda ya ga ambaliyar 2020 a Kebbi ya san filin da ke shimfiɗe fetal da rani zai iya zama tafki a Satumba. Kafin ka tambayi kuɗi, dubi jikin katangar, ka ga inda ruwan bara ya bar zanensa.