Ƙwayar Jijiyar Saƙo: Ƙirarta, Kayan Cikinta da Ire-irenta

1.0 Gabatarwa

Duk malamin da ya taɓa koyar da ilmin halittu da Hausa ya san wahalar da ke tattare da kalmar "jijiya". Bahaushe ya kira hanyar jini jijiya, ya kira agara jijiya, sa'an nan farin zaren nan da ke fitowa daga ƙwaƙwalwa da laka shi ma jijiya ne a wurinsa. Mun sha ganin ɗalibanmu, waɗanda su ne malaman gobe, suna rubuta cewa jini ne ke gudana cikin jijiyar da ke sa mutum ya ji zafin wuta. Saboda haka a wannan takarda mun zaɓi mu ce "jijiyar saƙo", ƙwayar halittar da aka gina ta da ita kuwa, wadda masana ke kira nuron, mu ce mata "ƙwayar saƙo". Manufarmu ita ce mu nuna cewa ƙirar wannan ƙwaya ita ce ke bayyana aikinta, har ma da irin lahanin da kan same ta.

An daɗe ba a ga siffarta sosai ba. Sai a 1873 Camillo Golgi na ƙasar Italiya ya samo wani rini na azurfa mai baƙanta ƙwaya ɗaya tun daga kai har wutsiya, ya bar maƙwabtanta. Da wannan rini ne Santiago Ramón y Cajal na Sipaniya ya nuna cewa kowace ƙwaya zaman kanta take yi, ba a ɗinke take da 'yar'uwarta kamar koma ba. Golgi bai yarda ba, ko da yake tare aka ba su lambar Nobel a 1906. Ƙididdigar da aka yi a 2009 ta nuna akwai irin waɗannan ƙwayoyi kimanin biliyan 86 a ƙwaƙwalwar ɗan Adam.

2.0 Ƙirar Ƙwaya da Kayan Cikinta

Sassa uku ne da ita: ganga, da rassa, da igiya. Rassa su ne masu karɓar saƙo. Gajeru ne, suna da yawa, sun barbazu kamar rassan gawo. Wata ƙwaya mai suna Purkinje, da ke ƙaramar ƙwaƙwalwa ta wajen ƙeya, takan karɓi saƙo ta mahaɗai fiye da 100,000. Igiya kuwa, watau akson, guda ɗaya ce tak, kuma ita ce mai fitar da saƙo. Wadda ta tashi daga ƙasan laka zuwa tafin ƙafa takan kai mita 1, alhali gangar da ta haife ta da ƙyar faɗinta ke kai kashi 1 cikin 10 na milimita.

A nan ne ya kamata mu dakata, domin wannan rashin daidaito shi ne ke bayyana kayan cikin ganga. A tsakiyarta akwai cibiya, inda aka adana bayanan gado. Kewaye da cibiyar akwai wasu dunƙule-dunƙule da ake kira da sunan Nissl, masanin da ya bayyana su, waɗanda aikinsu ƙera furotin ne. Akwai kuma mitokondiriya masu samar da ƙarfi, kuma bukatarsu ba kaɗan ba ce, tun da ƙwaƙwalwa, wadda nauyinta bai wuce kashi 2 cikin 100 na jiki ba, tana cin kusan kashi 20 cikin 100 na ƙarfin da jiki ke ƙonawa. To, da yake mafi yawan furotin a ganga ake yin sa, dole ne a yi jigilarsa zuwa ƙarshen igiya. Ana yin wannan a kan wasu siraran bututu da suka miƙe cikinta kamar layin dogo, kuma kaya mafi sauri kan ci milimita 400 a yini. Shi ya sa idan aka yanke igiya, ɓangaren da ya rabu da ganga shi ke mutuwa, kamar yadda Augustus Waller ya nuna a 1850. A hannu ko ƙafa igiyar takan sake tsirowa, wajen milimita 1 a yini. A cikin laka da ƙwaƙwalwa kuwa da wuya ta tsiro.

Saƙon kansa ɗan motsin lantarki ne da ke faruwa sa'ad da gishirin sodiyam ya kutsa cikin ƙwaya, fotasiyam ya fita. Idan ya isa ƙarshen igiya sai ya tarar da 'yar tazara tsakaninsa da ƙwaya ta gaba. Nan ne mahaɗa, wadda Charles Sherrington ya raɗa wa suna sinafs a 1897. A mafi yawan mahaɗai ba lantarkin ne ke tsallakawa ba. Wani sinadari ake fesawa, rassan gaba su karɓa.

Igiyoyi da yawa suna sanye da rigar kitse, watau mayalin, wadda a wajen laka da ƙwaƙwalwa ƙwayoyin Schwann ne ke naɗa ta gaɓa-gaɓa kamar rake. Saƙo yakan yi tsalle daga gaɓa zuwa gaɓa, har ya kai gudun mita 120 a daƙiƙa, alhali a igiya maras riga bai cika wuce mita 2 ba. Waɗannan ƙwayoyi na Schwann su ne ƙwayar cutar kuturta ke shiga. Jin zafi ya gushe, mai cutar ya ƙone ko ya taka ƙaya bai sani ba, miki ya ruɓe. Yawancin dungulmin da ake gani ta nan yake samo asali.

3.0 Ire-irenta

Ta fuskar siffa, akwai mai rassa da yawa da igiya ɗaya, ita ce ta fi yawa. Akwai mai baki biyu, reshe ɗaya igiya ɗaya, wadda ake samu a ido da hanci da can cikin kunne. Akwai kuma wadda zare ɗaya ya fita daga gangarta ya rabu biyu, tana zaune a ƙulle-ƙullen da ke gefen laka. A ganinmu rabon da ya fi amfani ga ɗalibi shi ne na aiki: mai kawo ji daga fata da sauran gaɓoɓi, da mai kai umarni ga tsoka, da 'yar tsakani mai haɗa su. Idan yaro ya taɓa garwashi, saƙo ya shiga ta mai kawo ji, 'yar tsakani ta miƙa shi ga mai umarni a cikin laka, hannu ya janye tun kafin yaron ya san ya ƙone.

Cutar shan inna ta ishe mu hujja cewa wannan rabo ba na takarda kaɗai ba ne. Sunanta ya fito daga tsohon imanin cewa Inna ce ta shanye ƙafar yaro. Abin da ke faruwa shi ne, ƙwayar cutar tana kashe gangar ƙwayoyin umarni da ke sashen gaba na laka, ta ƙyale masu kawo ji, waɗanda gangarsu ke waje. Kimanin mutum 1 cikin 200 da suka kamu ne ke shanyewa har abada, domin ƙwayar umarni da ta mutu ba ta da magajiya. Tsokar da ta daina samun saƙo sai ta rame, ƙafa ta lanƙwashe, amma in aka mintsine ta mai ita zai ji.